Makoki a Kan Fata: Juya Kalaman Kewa Zuwa Harshen Ayalan

Akwai wata buƙata da masu jin harshen Ayalan suka saba da ita har sun haddace siffarta. Wani ne daga Boston ko Sidni ko Liverpool zai zo ya ce mahaifiyarsa ta rasu, ko kakansa, ko ƙanensa, yana so a juya masa wata 'yar jimla daga Turanci zuwa Gaeilge, wato harshen asali na mutanen tsibirin, don a zana masa ita a dantse ko a ƙirji. Jimlar ba ta cika wuce kalma huɗu ko biyar ba: kana cikin zuciyata har abada, ka tafi amma ba mu manta ba, sai mun sake saduwa. Sau da yawa ya riga ya biya mai zanen kuɗin kafin alƙalami, an tsayar masa da rana, saura 'yan kwanaki. A ganinsa aikin minti biyar ne ga wanda ya iya harshen.

Zanen da ake magana a kansa shi ne tatu, wanda ake tsattsaga fata da allura a cusa tawada ta zauna har ƙarshen rai, ɗan'uwan jarfar da wanzamai suke yi a da. A wurinmu malamai da yawa sun yi hani da shi, kuma ba ta wannan hanya muke tuna mamatanmu ba. Abin da ya ja ni ga batun shi ne abin da yake samun harshe idan aka kawo masa baƙin cikin da aka riga aka tsara da wani harshe, aka ce ya ɗauka yadda yake.

Sai an san yadda Gaeilge ya fice daga bakin masu shi kafin a gane dalilin da ya sa mutumin da bai iya gaisuwa da shi ba yake son yin makoki da shi. A 1831 gwamnatin Birtaniya ta kafa makarantun firamare a faɗin Ayalan, karatu kuma da Turanci. Sai ga babbar yunwa daga 1845 zuwa 1852, lokacin da cuta ta ruɓar da dankalin da talaka ya dogara da shi. Kusan mutum miliyan ɗaya suka mutu, wani miliyan ɗin ya hau jiragen ruwa ya bar ƙasar. Yammacin tsibirin, inda talakawa masu magana da Gaeilge suka fi yawa, shi ya fi jin jiki. Iyaye suka lura cewa yaron da zai tsallaka Amurka da Turanci zai nemi abinci, sai da yawa suka daina yi wa 'ya'yansu magana da harshen gida. Yau sama da mutum miliyan 30 a Amurka suna cewa asalinsu Ayalan ne, kuma ƙalilan ne cikinsu za su iya haɗa jimla ɗaya da harshen kakanninsu.

A cikin ƙasar ma labarin bai sauya sosai ba. Tsarin mulkin 1937 ya ba Gaeilge matsayin harshen hukuma na farko, ana koyar da shi a makarantu, yana kan allunan tituna. A ƙidayar 2022 kusan mutum miliyan 1.9 sun ce suna iya magana da shi, amma waɗanda suke amfani da shi kullum a wajen makaranta kusan 72,000 ne kawai. Don haka mai neman fassarar yana iya zama ɗan Dublin da ya yi sama da shekara goma yana koyon harshen a aji, amma da mutuwa ta shigo gidansu sai ya ga ba ya amince wa kansa ya rubuta layi ɗaya. Mutumin nan rashi biyu yake ɗauke da su, na mamacin da na harshen da ya kamata a ce ya gada. Shi ya sa raina ba ya son ɗabi'ar masu yaɗa hotunan tatun da aka yi kuskure a cikinsu ana ta dariya. Kuskuren na gaske ne, ya kamata a gyara, amma wanda ke ɗauke da shi yana cikin makoki ne lokacin da ya yi shi.

To, ina wahalar take? Mu ɗauki kalmar zuciya, wadda kusan babu irin wannan jimla da ba ta ciki. A ƙamus croí ce. Idan ka ce zuciyata sai ta koma mo chroí, an shigar da h bayan harafin farko, sautin ma ya sauya. Zuciyarsa a chroí. Zuciyarta a croí, ba tare da h ba. Zuciyarsu a gcroí. 'Yar kalmar a guda ce a duka ukun, farkon kalmar da ke binta ne kaɗai yake nuna ko namiji ake nufi, ko mace, ko jama'a. Harsunan dangin Keltik da suke raye duka suna da wannan hali na sauya farkon kalma, kuma shi ne ramin da baƙo ya fi faɗawa, domin idonsa ya saba neman canji a ƙarshen kalma.

Dubi addu'ar da ta fi kowace yawo a Ayalan idan an yi rashi: Ar dheis Dé go raibh a anam, wato Allah ya sa ransa a hannun damarsa. Ana ganinta a kan duwatsun kaburbura, da katunan tunawa da iyalai suke bugawa da hoton mamaci, da ƙarshen saƙon ta'aziyyar shugabanni, har a gidajen da Turanci kaɗai ake yi. Idan mace ce ta rasu, dole a anam ya zama a hanam. Idan da yawa ne, a n-anamacha. Yarinyar da ta kwafi layin daga kabarin kakanta namiji ta kai wa mai zane don tunawa da mahaifiyarta za ta fito da addu'ar namiji a fatarta, saboda harafi guda. Babu wanda zai gaya mata a shagon, don mai zanen a Chicago ko Melbourne siffar haruffa yake bi, ba ya jin abin da suke cewa.

Haka ma idan da mamacin ake magana kai tsaye. Gaeilge yana da siga ta musamman ta kira. Mai suna Seán idan za a kira shi sai a ce a Sheáin, Máire ta koma a Mháire. Wanda ya rubuta sunan yadda yake a takardar haihuwa, ya bi shi da kalaman kewa, bai kira kowa ba a kunnen mai harshen. Sannan akwai sigar mallaka, inda kalmar kanta take lanƙwasa. Uwa máthair ce, so kuma grá, amma son uwa grá máthar ne, harafi ɗaya ya faɗi. Jerin kalmomin irin namu ne, abin da aka mallaka a gaba, mai shi a baya. Mai tunani da Turanci yakan juya su, ya ɗora kalmomin ƙamus biyu a jere yana zaton ya gama. Ƙamus ɗin ma yana da nasa tarko: sigar aikatau da yake bayarwa ita ce ta umarni. Wanda ya nemi ya ce ina tunawa, ya ɗauko cuimhnigh, ya rubuta wa kansa umarni ne: ka tuna. Ina tunawa is cuimhin liom ne, ginin da bai yi kama da kalmar ƙamus ɗin ba sai a tushe.

Daga nan ake gane mai fassara na ƙwarai. Kafin ya rubuta komai sai ya yi tambaya. Wanda ya rasu namiji ne ko mace? Mutum ɗaya ne ko sun fi haka? Da shi kake magana, ko labarinsa kake ba duniya? Kai kaɗai ne mai maganar, ko da sunan dangi? Daga wace gunduma mutanenku suka fito? Wanda ya zo da gaggawa yakan ji kamar ana ja masa rai, alhali nahawun harshen ne ba ya barin a yi maganar mamaci a dunƙule. Tambayoyin nan kusan su ne waɗanda mai zuwa ta'aziyya yake yi idan ya zauna a kan tabarma, kuma a ganina a nan darajar wannan al'ada take: kafin a sami jimlar sai an faɗi ko wane ne aka rasa. Na'urar fassara ta intanet, duk ci gaban da ta samu, ba ta tambaya. Tana zaɓar siga ɗaya ta miƙa, ba ta nuna cewa akwai wasu ukun da ta bari.

Amma nahawu shi ne ɓangare mai sauƙi, domin yana da amsa. Abin da ya fi wuya shi ne yadda harsunan biyu suke ɗaukar baƙin ciki. A Gaeilge baƙin ciki abu ne da yake sauka a kan mutum: tá brón orm, baƙin ciki yana kaina. Kewa ma haka: tá uaigneas orm i do dhiaidh, kaɗaici yana kaina a bayanka. Wata hanyar ita ce braithim uaim thú, kamar a ce ina jin ka nesa da ni. Babu ɗayansu da ya yi daidai da gajeriyar jimlar Turanci mai kalma uku, ta ina kewarka, da mutumin ya zo da ita, kuma dukansu sun fi ta tsawo. Sai a ji mai nema yana cewa wurin da ya ware a wuyan hannunsa ba zai ɗauka ba, ko ba za a rage ba? A nan wasu masu fassara suke sassautawa su datse jimlar har ta zama Turanci sanye da haruffan Gaeilge. Kowace kalma daidai take, babu kuskuren rubutu, amma tsohuwar da aka yi domin ta ba za ta taɓa faɗin haka ba.

Idan aka jera kalaman da Gaeilge ya gada na mutuwa, wani abu yakan fito fili. Go ndéana Dia trócaire air, Allah ya yi masa rahama, ga mace kuma uirthi. Suaimhneas síoraí dá anam, hutu na har abada ga ransa. Solas na bhFlaitheas dó, hasken aljanna gare shi. Duka roƙo ne, kuma duka mamacin ake nema wa wani abu. Wanda ya rasu ma akan ce yana ar shlí na fírinne, a kan hanyar gaskiya, abin da Bahaushen da ya saba cewa wane ya riga mu gidan gaskiya zai gane ba sai an yi masa bayani ba. Kalaman da ake kawowa daga Turanci kuwa, irin na katin gaisuwa, yawanci labarin mai rai suke bayarwa: zuciyata, tunanina, ba zan manta ba. Bambancin ba ƙarami ba ne. Na farkon sun fito daga al'ummar Katolika da take yi wa matattunta addu'a, har take sake taruwa a coci bayan wata guda da rasuwa. Na biyun sun fito daga zamanin da mutum yake neman kalmar da za ta bayyana abin da ke ransa shi kaɗai.

Ba na cewa wanda ba ya bin addini a tilasta masa addu'a. Ayalan ta yau ta yi nisa da ta shekara hamsin da suka wuce, kuma yaudara ce a ba mutum layin da ke ambaton Allah ba tare da an gaya masa ba, don kawai ya fi daɗin ji. I mo chroí go deo, cikin zuciyata har abada, Gaeilge ne mai kyau, babu abin kunya a cikinsa. I ndilchuimhne ar, wato cikin tunawa ta ƙauna da wane, tsohon salo ne na kan kabari da bai ambaci addini ba. Abin da nake ganin haƙƙi ne a kan mai fassara shi ne ya nuna wa mai makoki duka ƙofofin biyu. Da yawa ba su san cewa harshen yana da nasa kalaman ba. Sun zo neman a juya musu abin da suka sani, alhali abin da suke kewa na iya kasancewa cikin abin da ba su taɓa ji ba.

Ga wanda yake son magana da mamacinsa kai tsaye ma harshen yana da gado mai zurfi. Akwai al'adar caoineadh, kukan makoki da mata suke rerawa a kan gawa, suna kiran mamacin da sunayen ƙauna, suna yabonsa, wani lokaci har suna yi masa faɗan tafiyar da ya yi. Mafi shahara shi ne wanda Eibhlín Dubh Ní Chonaill ta yi wa mijinta Art Ó Laoghaire da aka harbe a gundumar Cork a 1773, wanda ya daɗe yana yawo a bakin mata kafin a rubuta shi. Limaman coci sun yi ta yaƙar al'adar har ta mutu a ƙarni na ashirin. Sunayen ƙaunar dai suna nan a bakin mutane: a chroí, ya zuciyata, a stór, ya taskata, a chuisle, ya bugun jinina. Gajeru ne, za su shiga wuyan hannu, kuma su ne ainihin abin da uwa take kiran ɗanta da shi.

Sai dai ko waɗannan sukan iso hannun baƙo a gurɓace. A fim ɗin Million Dollar Baby na 2004, wanda Clint Eastwood ya shirya, an rubuta Mo Cuishle a bayan rigar 'yar damben. Daidai shi ne mo chuisle. An cire h daga inda nahawu yake buƙatarta, an kai ta inda kunnen mai Turanci yake jin sautin sh. Fim ɗin ya ci babbar kyautar Oscar, miliyoyi suka gani, kuskuren ya bi su har shagunan zane. Haka kuma anam cara, da littafin John O'Donohue na 1997 ya yaɗa, wanda ake zanawa da nufin masoyin da rai ya haɗu da nasa. A ƙamus kalma ɗaya ce, anamchara, kuma ma'anarta ta asali ita ce mai ba mutum shawara a kan addininsa, wanda ake faɗa wa zunubai a tsohuwar cocin Ayalan. Matar da ta zana ta don mijinta ba ta yi zagi ba, amma ta faɗi wani abu dabam da abin da ta nufa.

Bayan an daidaita jimla, saura rubutun. Gaeilge yana ɗora wani ɗan karkataccen layi a kan wasali don nuna tsawonsa, suna kiransa síneadh fada. Fear namiji ne, féar ciyawa. Éire sunan ƙasar ne, eire kaya mai nauyi. Seán suna ne, sean kuma tsoho. Duk wanda ya ga yadda rashin lanƙwasa yake mai da ƙafa kafa a rubutunmu ya san girman abin. Yawancin salon haruffan ado da ake saukewa a kwamfuta ba a yi su don Gaeilge ba, sukan zubar da layin ba tare da sanarwa ba. Akwai kuma tsohon salon rubutu, cló Gaelach, wanda mutane suke so saboda kyansa. A cikinsa ɗigo ake sa wa a kan harafi maimakon h. Wanda bai sani ba yakan sa ɗigon ya kuma bar h, ko ɗigon ya ɓace gaba ɗaya a hannun mai zane da ya ɗauka datti ne a takarda. Ga kuma sauyin ƙa'idar rubutu da aka yi a shekarun 1940, aka tabbatar da daidaitaccen harshe a 1958. Croí da ake rubutawa yau croidhe ce a kan tsofaffin kaburbura. Duka biyun daidai ne a zamaninsu, haɗa su a layi ɗaya ne ba ya yiwuwa.

Wasu sukan tsallake duk wannan su koma ogham, rubutun Ayalan mafi tsufa, kuma a nan akwai abin da ya cancanci a tsaya a duba. Haruffa ashirin ne na asali, rukuni huɗu na biyar-biyar, kowanne 'yan tsage ne da ake sassaƙawa a gefen dutse, ana karantawa daga ƙasa zuwa sama. Kusan duwatsu 400 ne suka rage, mafi yawa a Kerry da Cork da Waterford, wasu a Wales, akasarinsu daga ƙarni na biyar da na shida. Jami'ar Cork ta jera wasu a wani dogon baranda inda kowa zai iya tsayawa a gabansu. Abin da ke rubuce a kansu kusan iri ɗaya ne: sunan mutum a sigar mallaka, sai sunan ubansa ko zuriyarsa. Na wane, ɗan wane. Masana suna ganin alamun tunawa da matattu ne, ko na iyakar ƙasa, ko duka biyun. Babu kalmar kewa ko ɗaya, babu alkawarin har abada. Mai son tatu na ogham da ya tsaya a kan sunan mamacinsa ya fi kusa da al'adar fiye da wanda ya cusa doguwar jimla, domin rubutun ba shi da alamar tsawon wasali, kuma an yi shi ne don harshen da ya girmi Gaeilge na yau da sama da shekara dubu. Masu zuba kalmomin Turanci harafi-harafi cikin tsagen kuwa sun sami ado ne kawai.

Tambayar gunduma da na ambata ba ta ado ba ce. Gaeilge mai rai kari uku ne: na Munster a kudu, na Connacht a yamma, na Ulster a Donegal. Ina kewarka da ake cewa braithim uaim thú a kudu, airím uaim thú ne a Conamara da ke yamma, a Donegal kuma an fi jin cronaím thú. Idan kakar daga Donegal take, rubuta mata da karin Kerry na kudu ba ƙaramin rashi ba ne, ko da babu mai kiransa kuskure. Yawan masu buƙatar ya kai har an wallafa littafi sukutum a kan batun, wanda Audrey Nickel ta fitar a 2017, shekara guda bayan makamancinsa na harshen Gelik na Sikotilan da Emily McEwan ta rubuta. Buƙatar littattafan biyu dabam tana nuna wani ruɗanin: harsunan 'yan'uwa ne amma ba ɗaya ba ne, kuma akan ba ɗan Ayalan jimlar Sikotilan.

Shawarar da masu harshen suka fi bayarwa ita ce kada a amince da bakin mutum ɗaya, a nemi wasu ƙwararru su duba su yarda, kuma a ɗaga ranar zanen idan ba a gama ba. Ni zan ƙara cewa mai ɗaukar rubutun ya koyi furta shi. Zai yi sauran rayuwarsa ana tambayarsa me aka rubuta, kuma mo chroí tana farawa bayan mo da sautin da Turanci ba shi da shi, mai kama da harafin kha na Larabci. Ƙamus na intanet da hukumar Foras na Gaeilge take kula da shi yana da muryoyin masu magana daga karuruwan uku, ana iya saurare a maimaita. A ranar kuma, idan mai zane ya manna samfurin a fata kafin ya ɗauki allura, a riƙe takardar da aka tantance a bi ta harafi-harafi, a ƙirga kowace h, a duba kowane layi a kan wasali. Na Ayalan dama yake karkata yana hawa. Idan ya karkata hagu, na Sikotilan ne, a goge a sake mannawa.